Ƙafa ta Goma Sha Shida

Cikin duk gyaran da na yi a rayuwata, akwai guda ɗaya da ba zai taɓa fita daga raina ba. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, ina da ɗan shagon gyaran rediyo da talabijin a Tiga. Wani ma'aikacin ruwa ya sayo wa 'yarsa na'urar wasan gem a Kano, don sikila ta kwantar da ita, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Da aka jona da talabijin ɗinsu 'yar Beljiyam, hoto ya fito, amma fari da baƙi.

Aka kira ni gidan, kwana uku ina fama. Lokacin ina ji da kaina, har na ce talabijin ce ta lalace, zan farke ta in canza mata kaya. Mutumin ya ce in dakata, maƙwabcinsa dattijo ya yi aikin lantarki a wurin haƙar kuza na Riruwai, daga baya ya yi gyaran talabijin a Kano. Ya je ya kira shi. Da dattijon ya shigo yana lalube da sanda, idanunsa sun tafi, sai na raina abin a zuciyata.

Bayan mun gaisa ya karɓi wayar da ke haɗa na'urar da talabijin, ya shafa faffaɗan kanta mai 'yan ƙafafun ƙarfe da yawa. Ya ce hanya biyu na'urar ke tura hoto: ɗaya a cakuɗe, wadda wannan talabijin ba ta gane launinta, ɗaya kuma a rarrabe, ja daban, kore daban, shuɗi daban. Talabijin ba ta juyawa kan ta biyun sai ta ji 'yar wuta a ƙafa ta goma sha shida, wanda ya haɗa wayar kuwa bai jona ta ba.

Ya ƙirga da farce, ya tsaya. "Nan ne, ɗana. Nemo ƙaramin batir."

Na liƙa waya da dalma daga batir ɗin zuwa ƙafar. Hoton ya girgiza sau ɗaya, sai ga ciyawa kore shar, ga mota jajur tana gudu a tsakiya. Yarinyar ta yunƙura ta zauna.

"Ya fito ko?" in ji dattijon. "To jikata, faɗa mini abin da kike gani."

Ta shiga lissafa masa launukan ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai.

Daga ranar ban sake yanke wa na'ura hukunci kafin in fahimci yadda take aiki ba, ban kuma sake auna sanin mutum da abin da na gani a jikinsa ba.