Kwanon Malamin Turanci

Ina aji biyu a sakandare a shekarar da ta biyo bayan farin da ya ƙone mana gero yana bununi. Garinmu yana arewa da Minjibir, inda gona ke manne da gona, ko jaki za ka ɗaure sai ka taka iyakar wani. A irin wannan wuri kowa ya san abin da maƙwabcinsa ya girba, abin da ya rage a rumbu ne kawai sirri.

Baba mutum ne da ake zuwa wurinsa, shi ba ya zuwa wurin kowa. Kafin farin, rumbunsa ake buɗewa a ba mutane iri idan ruwan shuka ya sauka. Da namu ya ƙare, ko ƙaninsa bai gaya wa ba. Wasu gidajen sun tura samarinsu dako birni, wasu sun saɓa buhu sun tafi wurin dangi, ba su ji kunya ba, kuma sun ci. Mu kuwa sai kwaɗon rama da tafasa, shi ma ba kullum ba. Bayan magariba Baba zai zauna a ƙofar zaure da tsinke a baki yana sakace, duk wanda ya gaishe shi ya ce, "Alhamdulillahi, muna cikin rufin asiri." Inna kuma kowace safiya sai ta fito da kwanuka ta wanke, ko da ba abin da ya taɓa su, don maƙwabta su ji ƙararsu ta katanga.

Baba ya tara mu ni da ƙanwata ya ja mana kunne. "Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba," in ji shi. Ya ce ranar da ya ji na kai hannu kwanon wani, ko na bari an gane halin da gidansa ke ciki, ni da boko mun yi sallama, in dawo gona inda idonsa zai riƙa ganina. Na san zai aikata.

Mutane suna zaton yunwa zafi gare ta. A kwanakin farko ne kawai. Daga baya kamar an toshe maka kunne da auduga take. Na daina fushi, na daina dariya, ko tsokanata aka yi sai in bi mutum da kallo. Makarantar ma ba don ina jin daɗinta nake zuwa ba a lokacin, ita ce dai wurin da ake barina in zauna.

Malamin Turancinmu wani siriri ne mai gashin baki, daga wani ƙauye gabas da mu yake zuwa a kan tsohon keken da ake jin kukansa tun kafin a hango shi. A farkon damina ya kawo mana darasin wakilin suna. Ya ja layuka a allo, ya jera I, you, he a gefe ɗaya, me, you, him a tsakiya, my, your, his a ƙarshe. Ya ce na farko mai yi ne, na tsakiya wanda aka yi wa, na ƙarshe mai abu. Mu yi ta rerawa muna kaɗa kai kamar a tsangaya. Yana kuma da wata dabara: ya fito da yara uku gaban aji, ɗaya mai magana, ɗaya wanda ake wa magana, ɗaya wanda ake magana a kansa. Da yake babu mata a ajinmu, akuyar maigadi ce she, ita ce kuma it, gwargwadon yadda ta kama.

Wata rana ya ce in miƙe in ba da amsa. Na miƙe, allon ya juya min, na dafa benci har jirin ya wuce. Ya dube ni ya ce in zauna. Washegari da ya zo fitar da yaransa uku, ni ya nuna na uku.

"Kai, waje," ya ce. "Ai ba a maganar mutum yana tsaye a wurin. Je ka bayan aji ka tsare min kekena, awaki na cinye min sirdi." Da na zo wucewa ta gabansa sai ya rage murya. "Akwai kwano a rataye. Uwargida ta cika gishiri, ba zan iya ci ba. Ka ga yadda za ka yi da shi, ka ɗauraye min."

Keken yana jingine a gindin darbejiya, kwanon a ɗaure cikin tsohon ɗankwali. Dambu ne da zogale da ɗan man gyaɗa, gishirinsa daidai. Na tsuguna na ci. Ta taga ina jin 'yan aji suna rera, "I saw him, you saw him." Ni ne him ɗin. Ban ji kunya ba, ban ji daɗi ba, na dai ji kunnena ya ɗan buɗe. Na dunƙula ragowar na zuba a aljihu saboda ƙanwata. Inna ta ga maiƙo a aljihun ranar wanki, ta dube ni, ta ci gaba da cuɗa wandon.

Darasin da ɗaya ajin suka gama cikin 'yan kwanaki, mu muka kwana muka tashi a kansa har gero ya kai gwiwa. Yara suka fara ƙorafi.

"Malam, wallahi mun iya fa."

"Kun iya? To kai mai baki, I gave he ne ko I gave him?"

"Him, Malam."

"Sa'a ka ci. A sake daga farko."

Ranar da aka zo kan they da them, mu uku ya kora. Muka zagaye kwanon, ba wanda ya kalli fuskar wani, kuma ba wanda ya taɓa tayar da maganar a hanyar gida. Amma yawanci ni kaɗai ne, har suna ya bi ni. Daga makaranta har bakin rijiya, Him ake kirana. Ban damu ba. Da ma sunan ne kawai ya tsaya a bakin yara.

Sai dai gari ƙarami ne. Wani dattijo ya tare Baba bayan sallar asuba ya tambaye shi, cikin tausayawa, me yaron nan yake aikatawa da kullum ake korarsa daga aji. Baba bai tambaye ni ba. Ba ya tambayar abin da zai iya gani da idonsa.

Da hantsi ne. Ina tsugune a gindin darbejiyar, kwanon a tsakanin ƙafafuna, loma a hannuna, sai na ga inuwa ta faɗo kan dambun. Baba ne. Ta cikin gonar makaranta ya ratso, fartanya a kafaɗa, raɓa ta jiƙa masa ƙafar wando. A gida ban lura ba, amma a nan, cikin hasken rana, na ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya dubi kwanon, ya dubi keken, ya dubi tagar aji. Malam yana tsaye daidai wurin da alli a hannu, sun haɗa ido. Na ce a raina shi ke nan, yau zan kwashi littattafaina. Ko faɗuwar gaba ban ji ba, na dai riƙe lomar ina jira.

Malam bai gaishe shi ba, bai nuna ya gane shi ba. Ya miƙa hannu ya jawo murfin tagar ya rufe, kamar iska ce ta dame shi. Muka ji ya buga allo da ƙarfi. "Kowa ya kalli nan! Daga farko, da babbar murya!" Ajin ya ɗauka, I, me, my, har kwanon rufi yana amsawa.

Ban san abin da ya sa ba, na tura kwanon gaban Baba. Ya daɗe a tsaye. Ya waiga gabas, ya waiga yamma, babu kowa sai akuyar maigadi. Sannan ya ajiye fartanya, ya tsuguna ya ba tagar baya, ya yi bisimilla a hankali. Dambun na zubewa ta tsakanin yatsunsa, yana bin wanda ya faɗi kan ɗankwalin yana tsincewa. Kaɗan ya ci. Ya ture min sauran, ya goge hannu a ciyawa.

"Ka rage wa ƙanwarka," ya ce.

"To, Baba."

"Kada Innarku ta ji."

Ya saɓa fartanyarsa ya koma ta inda ya fito. Na ɗauraye kwanon na rataye, na koma aji. Malam bai kalle ni ba.

Ban bar makaranta ba. Washegari kwanon da na tarar ya fi na kullum girma, da ƙyalle na biyu a gefe na ƙunshe abin kai gida. Nakan ajiye ƙunshin a bayan randa in fita, da safe in tarar da ƙyallen a wanke a ninke. Ba wanda ya tambaye ni daga ina, har aka yi hutu, har aka fara gasa tumu. Mun ci jarrabawar wakilin suna, mun faɗi sauran.

Baba da Malam sun sha haɗuwa a kasuwa bayan haka, su gaisa kamar kowa da kowa. Har Baba ya rasu bai taɓa yi min maganar ba. Abu ɗaya ne ya sauya. Daga ranar bai ƙara zama a ƙofar zaure da tsinke a baki ba, ko a shekarun da rumbu ya sake cika.