Yaya Hamani da Ya Mayar Mini da Aikina Hannun Hagu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iske ni ina shan koko: Yaya Hamani ya rasu a likitar Dosso, wato asibiti.



Shi ne babban mai haɗa sauti a ƙaramin gidan rediyonmu na nan Gaya. A hannunsa na koyi montaj, yanka murya da jera ta a ordinatar, wato kwamfuta. Mutum ne mai faɗa, amma kafin shayinsa ya huce ya manta.

Ba a daɗe da sojoji suka karɓi mulki ba na faɗi da moto, babur ɗina, a hanyar Tanda, hannuna na dama ya shanye. Ga iyaka a rufe, tallar 'yan kasuwa ta tsaya, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. Duk shirin da ba ka gama ba kafin a ɗauke, ya kwana. Ni kuwa ina ta kokawa da hannu ɗaya, yatsuna ba su kai maɓalli biyu a tare. Na ji a jikina in za a rage ma'aikata, da ni za a fara. Ban gaya wa matata ba, amma tsoro ya hana ni sakewa.

Wata safiya na tarar da Yaya Hamani ya shige cikin lojisiyel, manhajar da muke montaj da ita, yana sauya rakursi, gajerun hanyoyin nan na klabiye, allon maɓallai. Yanka, gogewa, matso da sauti, komawa baya, adanawa, duk ya kwaso su ya tara a gefen hagu, kowanne maɓalli ɗaya tak. Ya ari jan farcen Hadiza mai karanta labarai ya ɗiɗɗiga musu alama. Har yau Hadiza na cewa rabin kwalba ya ƙarar mata.

To, ordinatar ɗaya gare mu. Mai son ya saurari murya sai ya ga ya yanke ta. Aka yi ta gunaguni, har aka kai ƙara wajen shugaban gidan rediyon. Amsar da Yaya Hamani ya bayar ba ta da tsawo:

"Mai hannu biyu ya koya. Ƙanena ba ya zuwa ko'ina."

Shi kansa ya fi kowa shan wuya, don yatsunsa sun tsufa a kan tsohon tsari. Sai ya yi kuskure, ya ja tsaki, ya harare ni kamar ni na sa shi.

Ban rasa aikina ba.

Ganinmu na ƙarshe a tasha ne, zai tafi Dosso ganin likita. Ya rame ƙwarai, amma sai da ya saya mini soyayyen kifi. Ya riƙe hannuna na hagu ya ce, "Wannan ya fi nawa sauri yanzu, ka kula da shi." Na yi dariya, don na ɗauka zai dawo.

Ɗazu shugaba ya kira ni. Sanarwar rasuwarsa za ta fita da yamma, ni kuma zan haɗa ta. Wallahi ban san yadda zan zauna a kujerar nan ba, amma ba zan bar wa kowa ba.

Allah Ya jiƙanka Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa wa iyalinka asiri kamar yadda ka rufa mini. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi cikin addu'a.