Ba a Kai Ta Gida Ba

A cikin keke-napep mai zuwa Barnawa, wata dattijuwa tana zaune kusa da ni, ɗaure da zanen zumuntar mata. Da ganinta tsohuwar malama ce. Tana kaɗa wa ɗanta wani tsohon littafin labarin Ingila na zamanin keken doki.

"Mama, duk duniya ana yabon littafin nan," in ji shi.

"Yabon me? Uwar yaron ta mutu, aka binne ta a baƙon gari, ba a kai ta ƙauyensu ba. Marubucin ko a jikinsa!"

Ina shirin dariya, sai ta sauke littafin, ta juya ga ɗanta.

"Derrick, kai da ka ce littafin ya yi daɗi, ina za ka binne ni?"