Kwalbar da Inna ta rabar wa unguwa

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Tanut, gidanmu ya rasa abin da ko gidan da ba a ɗora tukunya ba yana da shi, wato barci. Ɗana na fari yana da galahanga, abin da likitoci ke kira otizim. A lokacin yana ɗan shekara shida, maganarsa ƴan kalmomi ce, ba ya cin komai sai farar shinkafa da fura, kuma ba abin da ya tsana kamar ƙara. Moto, wato babur, ta wuce ƙofar gida, sai ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu yana buga kai da bango. In hakan ta faru da magariba, to mun san kwanan zaune za mu yi.

Ni da sauƙi, ina ba yara rubutu a allo in saci gyangyaɗi a bayan tebur. Matata ce ta ji jiki. Ta rame, idanunta suka faɗa, har wata rana barci ya ɗauke ta a gaban murhu, zaninta ya kama wuta. Allah ya sa mahaifiyata na kusa, ta kwara mata ruwa. Amma kafin ƙunar ta warke labari ya isa Belbeji, wurin mahaifinta.

Surukina makiyayi ne, mutum mai magana ɗaya. Ya zo ranar kasuwa, na durƙusa muka gaisa, ya dubi ƙunar da ke ƙafar ƴarsa. Sannan ya kira ni da sunan da ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, ba da faɗa na zo ba. Amma yarinyar nan a tsaye za ta mutu. Bayan babbar Salla zan dawo. In yaro bai fara barci ba, zan tafi da shi daji wurin gwaggonninsa. Can ba moto, ba inji."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na kasa musu. Sai dai yaron nan ba ya yarda kowa ya taɓa shi sai uwarsa da kakarsa, kuma in ya miƙa hanya ba ya waiwaye ko an kira shi.

Na kai shi Damagaram wurin likitan yara. Likitan bai yi mini romon baka ba. Ya ce babu maganin da ke cire galahanga, amma tunda abincin yaron bai wuce kala biyu ba, wataƙila jikinsa na ƙarancin wani sinadari mai suna maganiziyom. Ya rubuta mana siro, maganin ruwa na sha, ya ce, "Wasu yaran yana taimaka musu, wasu ko gezau. Cokali ɗaya da yamma, kada ku ƙara. Ku riƙa kwantar da shi lokaci ɗaya, kuma a rage masa hayaniya."

Maganar siro na riƙe, ta hayaniya kuwa a ofishinsa na baro ta. Bayan katangarmu akwai mai injin markaɗe, a gefe ɗan kabu-kabu mai moto da salansarta ta fashe, a ƙofar gida kuma fadar samari da shayinsu da rediyo. Wane ni in ce wa unguwa guda ta yi shiru?

Na dawo da babbar kwalba, don ba a samun irinta a Tanut. Na ɗora ta saman kabad, na ja mata layi da biro daidai inda maganin ya tsaya, kun san halin malamin lakwal. Makonnin farko ba wani sauyi. Daga baya, a hankali, yaro ya fara kaiwa asuba. Matata ta fara dariya. Ni kuwa na zama shehin maganiziyom, ina ba abokan aiki lacca a kansa, alhali ko sunan sai na yi tuntuɓe nake faɗa.

Layin biron nan ne ya fara tayar mini da hankali. Magani na sauka da gudu, ya fi ƙarfin cokali ɗaya. Na tambayi matata ko ƙarawa take, ta rantse ba ta taɓa ba. Wata rana aka tashe mu daga lakwal da wuri, ina shigowa zaure na tarar da mahaifiyata riƙe da kwalba da cokali, mai injin markaɗe, ƙaton mutum da gemunsa, tsugune a gabanta ya hangame baki.

Na ce, "Inna, me nake gani haka?"

Ta ce, "Magani mana. Ƙafafunsa ke hana shi barci."

"Inna, na yaro ne fa! Daga Damagaram na ɗauko shi."

"Yo barci na yaro ne shi kaɗai? Maƙwabci ya yi sallama ya ce a taimaka masa, in ce babu, kwalba na kallona?"

Wanda ya san garinmu ba zai yi mamaki ba. A wurinmu, maganin da ya yi aiki a gida ɗaya ya zama na unguwa. Ashe tun da aka daina jin ihun ɗana mutane suka fara zuwa tambayar sirrin, Inna kuwa ba ta iya hana ko da gishirin miya. Mai markaɗe ya sha, shugaban fadar samari ya sha, ɗan kabu-kabu ya roƙi cokali biyu ya wuni yana zirga-zirgar salga. Shi ne ma ya kai maganar asibiti, manjo, babban ma'aikacin jinya, ya tako har gida ya ce wa Inna, "Iya, magani ba goro ba ne. Da jariri kika ba, da yanzu wata maganar ake." Ta ba shi haƙuri, ta kawo masa fura.

Abin da ya rage a kwalba bai taka kara ya karya ba. Na buga wa abokina a Damagaram, ya zaga farmasi ya ce ya yanke, sai bayan Salla. Wallahi na ji haushin mahaifiyata irin wanda ban taɓa ji ba. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. A raina cewa nake, ta rabar da jikanta cokali-cokali.

Ana jajibirin Salla maganin ya ƙare ƙaf. Bayan magariba na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ina jiran abin da na sani. Ina zaune sai na ji wani abu baƙo, na rasa mene ne. Ashe shiru ne. Injin markaɗe ba ya aiki, ga shi ranar da mata suka fi kai markaɗe. Samarin fada na hango su can ƙarshen layi, ƙarƙashin aduwa, da butarsu. Sai ga fitilar moto daga kwana. Tana shigowa layin ta mutu, ɗan kabu-kabu ya sauko yana tura ta cikin rairayi, yana haki.

Na ce, "Mai ne ya ƙare?"

Ya ce, "A'a Mushe, mai na nan. Iya ce ta ce ƙara na shiga kan yaron nan kamar allura. Ai na daɗe ina haka, ba ka lura ba? Mai markaɗe ma da la'asar yake rufewa yanzu."

Na shiga ciki, na tarar da Inna ta ɗora kan yaron a cinyarta tana danna masa baya. Na durƙusa a gefenta. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Kai kana cewa kyauta nake bayarwa? Duk wanda ya sha cokalina sai ya zauna ya ji labarin mai gidana." Haka take kiran jikan nata. "Da, cewa suke iskoki ne ko shagwaɓa. Ba wanda ya taɓa gaya musu." Ran nan ɗana ya yi barci. Ya farka sau ɗaya, ya sha ruwa, ya koma.

Surukina ya cika alkawari, ya iso da sassafe bayan Salla, har da ƴan takalman da ya ɗinka wa yaron don tafiya. Ya leƙa ɗaki ya gan shi ya baje yana minshari, ya dubi ƴarsa da kumatunta suka fara dawowa. Ya ajiye takalman a bakin ƙofa tare da ƙullin cuku. Mutumin da muryarsa ke juyo da garken raƙuma ya yi raɗa ya ce, "Kada ku tashe shi. Ku gaishe shi in ya farka."

Har yau ban san nawa ne aikin siro, nawa ne na shirun ba. Da na koma wurin likita ya yi dariya ya ce mai yiwuwa duka biyun ne, muka ci gaba da maganin na wani lokaci, amma cikin akwati mai kwaɗo. Don Allah kada wani ya kwaikwayi Inna wajen rabon magani, manjo ya yi gaskiya. Ni dai abin da na sani, ɗana a gabanmu ya girma, kuma unguwar nan na bina bashin godiyar da ba zan iya biya ba.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Yaro ya zama saurayi, ya fi ni tsawo, yanzu moto ba ta razana shi kamar da. Kwanakin baya na ce wa ɗan kabu-kabun nan ya daina wahalar da kansa, ya riƙa shigowa da moto a kunne. Ya ce, "Mushe, na gwada. Ina zuwa kwanar nan sai in tuna Iya, hannuna ya kashe da kansa."