Shekarar da Na Raba Kwanonmu

A shekarar korona ni ce majo, wato shugabar wani ɗan gidan likita na ƙauye tsakanin Filinge da Sanam. Mace ce ni mai zafin kai, in doka ta zo daga sama, sai na ƙara mata gishiri kafin in zartar. Mu huɗu ne a wurin, har da wata ungozoma da aka turo mana daga Yamai, ba miji, ba dangi a duk yankinmu na Kurfai. Al'adarmu, da azahar kowa ya kawo abin da aka girka a gidansa, kopto, wato kwaɗon ganye, ko tuwon hatsi, mu juye a kwano guda mu ci a gindin iccen bedi. A nan ake tsegumi, a nan kuma mai damuwa ke sauke ta.

Da aka ce a daina cunkoso, ranar nan na hana kwanon. Na ce kowa ya ci nasa a ɗakin aikinsa. Mai gadinmu, dattijo ne, ya ce in bari ko zaman ne a riƙa yi nesa-nesa, na ce ya tsaya ga ƙofarsa. Abin da ban lura ba shi ne yarinyar nan, ungozomar, ba ta girki, don ba ta da lokacinsa. Gawayi da kayan miya take saya wa matar mai gadi, ita ta girka, rabonta kuma yana cikin kwanon, da na hana shi sai rabon ya yanke. Ga aiki ya ninka, mutanen da rashin tsaro ya koro sun cika ƙauyen, masu ciki a jere. Kullum da safe in na tambaye ta gajiya, sai ta ce babu gajiya, Majo. Ni kuwa in wuce, sai ka ce ban san haka kowa ke amsawa ba.

Wata rana da hantsi ta yanke jiki ta faɗi tana tsakiyar karɓar haihuwa. Allah ya sa ina kusa, na ƙarasa. Da muka ɗaura mata ƙarin ruwa ne na ga yadda hannunta ya rame, kunya ta kama ni. Ta ce mini garin rogo da sukari take jiƙawa, kuma ba yunwar ta fi cin ta ba, rashin wanda za ta yi magana da shi ne. Na mayar da zaman, kowa da tabarmarsa da kwanonsa, ana zuba wa juna. Dabarar ta yi kyau, amma ta zo a makare. Da ta tafi hutu Yamai ba ta dawo ba, na ji ma ta bar aikin.

Ina kira ga duk mai riƙe da ma'aikata, kafin ka hana wani abu, ka tambayi wa ke rayuwa da shi. Ka dubi na ƙasa da kai da ido, kada ka tsaya ga gaisuwa. Mu dai har yau ba a turo mana wata ba. In haihuwa ta zo da gardama, a amalanke ake ɗaukar mace zuwa bakin hanyar Filinge, kuma ba duka ke isa ba.