Tsaga Uku a Ƙasan Kafaɗa

A bazarar da ta wuce na je Japan saro kayan gyaran mota. A filin da ake kwance injuna, wani dattijo ya tuɓe riga saboda zafi. Bayansa duka zane ne, daga wuya har ƙugu: ƙaton kifi yana keta igiyar ruwa, shuɗi da ja. Tafintana ya ce ba a nuna irin wannan cikin mutane, gidajen wanka da yawa ma ba sa barin mai shi ya shiga. Ya ce ana faɗin masuntan zamanin da suna yin zane ne don in teku ta tofo gawa a gane ta. Ban san lokacin da hannuna ya kai kafaɗata ba.

A unguwar Hindawiyya ta Jidda aka haife ni, a gida mai ɗaki biyu, bangonsa kullum da danshin gishiri. Kakata da ƙafa ta zo hajji, ba ta koma ba. Kumatunta cike da tsagar gidansu. Ranar sunana ta ce a kira wanzami, Baba ya ƙi. Ya ce a Jidda fuska mai tsaga ita ake fara tsayarwa a tambayi iƙama, takardar izinin zama, shi ya ɗanɗana, ba zai ɗora wa ɗansa ba.

Kaka ba ta ja da shi ba. Ta bari ya tafi dako, ta goya ni zuwa wurin wani tsoho mai ƙaho, aka yi mini tsaga uku a ƙasan kafaɗa, inda riga ke rufewa. Baba ya yi wata guda bai zauna a tabarmarta ba. Da na yi wayo, in tana cuɗa ni da soso, takan danna wurin da yatsa ta ce, "Takarda ana ƙwace ta, maigidana. Wannan kuwa sai mai wanke ka."

Da aka haifi ƙanena Baba ya sa ido, ba a yi masa komai ba. Ya girma, ya sami aiki a wani sito a kudancin gari, babu takarda. Wata shekara ruwa ya yi ambaliya, ya fita da safe bai dawo ba. Bayan kwana tara aka kira ni ɗakin ajiye gawa. Ruwa ya gama da fuskoki. Ma'aikacin ya tambaye ni ko yana da wata alama a jiki. Ni da nake gane injin da aka canza wa lamba da kallo ɗaya, na tsaya kan gawar samari uku, na kasa nuna ɗan'uwana. Inna ta rasu tana raba abinci har da kwanonsa.

Yanzu a unguwar Safa ta nan Jidda nake, a hawa na huɗu. Ɗana ya nuna mini wani ɗan fim a waya, da zanen maciji kwance a bayansa, ya ce da Larabci yana sha'awar irinsa. Na ce sam, addini bai yarda ba, kuma gaskiya na faɗa. Amma na kasa rufe maganar a nan. Na juya masa baya, na ɗaga riga.

"Ƙirga su da Hausa," na ce. "Kai za ka wanke ni."

Ya daɗe kafin ya tuna kalmar uku.