Kwamfutar da Aka Ajiye a Ɗakina

Ɗakina ne kaɗai ya rage na ƙasa a gidanmu na unguwar Shamaki. Sauran duk an rushe an yi na bulo, kuma in zafi ya kama, kowa wurina yake lallaɓowa neman sanyi. Shi ya sa jikana, ɗan babban ɗana, ya kwaso kwamfutarsa ya girke ta kusa da gadona. Ya ce a ɗakinsa na ƙofar gida zafi take ɗauka ta mutu, ita kuwa ba a so ta mutu ko kaɗan. Baƙin akwati ne mai huci, ya ja mata waya daga batirin sola.

Na tambaye shi wane aiki take yi da ba za ta huta ba. Ya ce wasa ne a cikinta, gari guda, da gidaje da gonaki da makamai. Abokansa na zaune a gidajensu, wasu a Herwagana, wasu a Gabukka, amma duk cikin akwatin nan suke shigowa ta intanet, su yi gini, su yi yaƙi. In ta mutu, kowa ya faɗo waje. Shi ne kuma mai tsaron ƙofa. Wanda ya yarda da shi ya bar shi ya shiga, wanda ya yi ɓarna ya kore shi.

"Wato ka tara mini maza a ɗaki," na ce.

"Ai ni ya kamata in yi kishi, amarya, ba ke ba."

Ban yi boko ba, ba na karanta abin da ke kan gilashin, amma ina da ido da kunne. In ya zauna bayan la'asar nakan ga 'yan mutane suna saran juna, wani ya faɗi, can anjima ya tashi kamar ba a yi ba. Muryoyinsu kuma suna fitowa, har na san kowa. Akwai mai dariya kamar akuya. Akwai wata yarinya 'yar Herwagana da kan ce a gaida Inna. Akwai kuma wani mai kaurin murya, ɗan Gabukka, wanda in aka kashe shi sai ya zagi uwar wanda ya kashe shi. Na ce wa jikana wannan ba wasa yake yi ba. Ya ce haka bakinsa yake.

Ɗan Gabukkan nan ne ya jira ranar da babu kowa a cikin wasan, ya bi gidajen mutane ya cinna musu wuta, ya karkashe dabbobinsu. Yarinyar nan ta daɗe tana gina nata, na ji ta tana kuka ta cikin na'urar. Jikana ya yi masa kashedi, ya sake, sai ya rufe masa ƙofa. Daga nan saƙonni suka fara shigowa wayarsa. Ya ce a buɗe masa, in ba haka ba zai zo ya buɗe da kansa. Ya san inda akwatin yake, don jikana ya taɓa ɗaukar hotonsa ya tura musu, har da gadona da jeren kwanukana. Na gaya wa ɗana, uban jikan nawa. Ya ce shirmen yara ne.

Ranar Juma'a yaron da 'yan rakiyarsa suka zaɓa, lokacin da maza suka tafi masallaci. Layinmu a irin wannan lokaci ko mai shago ba ya nan. Abin da ba su sani ba, jikana bai je ba, zazzaɓi ya kwantar da shi a kan tabarma a ɗakina. Ni ina bakin ƙofa ina dakan yaji, uwarsa tana madafi.

Na ji babur ya tsaya, na ji takun ƙafa a zaure, ban ji sallama ba. A gidanmu baligi ba ya wuce zaure. Mai kawo mana ruwa shekara da shekaru a nan yake sauke jarkokinsa. Waɗanda suka shigo su uku ne. Biyu da suka iso ƙofar ciki suka ga mata, suka tsaya turus, ko su waye dai an yi musu tarbiyya a wani gida. Na ukun ya ratso tsakar gida da adda a hannu. Siriri ne, bai kai yadda na zata ba. Da ya buɗe baki na gane shi.

"Ina akwatin, tsohuwa?"

"Koma zaure ka yi sallama."

Ya ture ni. Na faɗa kan turmi da ƙuguna, yaji ya watse har cikin idona. Ta cikin hawaye na ga jikana ya miƙe yana tangaɗi ya tare ƙofa. Yaron ya ce masa ko ya mayar da shi cikin wasan yanzu yanzu, ko kowa ya rasa. Jikana ya ce ba zai mayar da shi ba. Yaron ya bangaje shi ya shige, ya kai wa akwatin sara, ya sami wayar wutar ya tsinke ta. Da ya sake ɗagawa, jikana ya miƙa hannun dama ya tare. Addar ta sauka a tafin hannunsa. Jini ya yi tsartuwa har bango, ya zauna a ƙasa yana kallon hannun.

Ban san yadda na tashi ba. Taɓaryar dai tana hannuna, kuma tun ina yarinya nake daka. Na sami yaron a bayan gwiwa, ya durƙusa. Na ƙara masa a hannun da ke riƙe da addar, na ji ƙashi ya ba da ƙara kamar busasshen kara. Ya yi wani kuka irin na yaro ƙarami. Uwar jikana tana ihu, matan maƙwabta suka shigo da muciya da itacen girki, biyun nan na zaure suka hau babur suka gudu. Matan suka rufar masa, a baya, a haƙarƙari, yana birgima cikin yaji da jinin jikana. Na ɗaga taɓarya daidai kansa.

"Inna, ya isa," jikana ya ce.

Na sauke. Muka ja yaron muka kulle a ɗakin ajiya har maza suka dawo, suka kai ɗaya asibiti, ɗaya wurin 'yan sanda.

Bayan kwanaki uban yaron ya zo. Dattijo ne, ɗan kasuwa, asalinsu mutanen Kano ne. Ya yi sallama ya zauna a zaure, ni ina daga bayan ƙofa. Ya ce bai san ɗansa na da wani gari a cikin na'ura ba sai yanzu, ya ce kunya ta hana shi barci, ya roƙi a yafe. Na ce turin da ya yi mini na yafe. Hannun jikana kuwa ba nawa ba ne, sai ya tambayi mai shi.

Akwatin a kashe yake tun ranar. Ɗana ya ce a sayar da shi kowa ya huta. Jikana, da hannunsa a naɗe, ya ce ko dai a bari haka, ko ya kunna ya mayar da yaron ciki, a zauna lafiya. Na ga tsoro a idonsa, abin da ban taɓa gani ba. Ni ban taɓa son akwatin nan ba, hucinsa ma hana ni sakewa yake yi. Amma na ce musu in aka sayar da shi, ko aka buɗe wa yaron, to duk Shamaki an ji cewa da adda ake samun biyan buƙata a gidan nan. Gobe wani zai zo da tasa, kan wani abin daban.

"Ki bari mana, Inna," ɗana ya ce.

"Ɗakina ne. A nemo waya."

Aka nemo. Jikana ya ɗaura ta da hannun hagu, ƙanwarsa na riƙe masa. Ya daɗe yana kallon maɓallin kafin ya danna. Muryoyi suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar hannunsa. Bai buɗe wa ɗan Gabukka ba, ranar ko bayanta.

Yatsun jikana biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Da cokali yake cin tuwo, kuma ya daina zama cin abinci cikin mutane.